Masu Gyaran Fuska a Sakkwato

Idan aka ce tiyatar gyaran jiki, hankalin mutane kan tafi ga masu kuɗi da ke zuwa Turkiyya a rage musu tumbi ko a miƙe musu hanci. Ni kuwa jinjinata ta likitocin Asibitin Noma da ke Sakkwato ce, wanda aka buɗe a 1999.

Cutar noma (ba ruwanta da gona, suna ne kawai ya zo ɗaya) tana farawa daga dasashin yaron da yunwa ta raunana, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6. Cikin 'yan kwanaki sai ta cinye kunci, leɓe, wani lokaci har hanci. Wanda ya tsira kan rayu da rami a fuska, muƙamuƙi a ɗaure, ko cokalin koko ba ya shiga.

Nan gwanayen ke nuna aikinsu. Sai sun fara ciyar da yaron ya yi ƙwari, sannan su saki muƙamuƙin, su yanko fata daga ƙirji ko goshi tare da jijiyar jininta, su ɗinke gurbin. Fata ba yadi ba ce. In jini bai bi ta ba, mutuwa take yi. Shi ya sa ake komawa ɗakin tiyata sau biyu, sau uku, ana jiran watanni a tsakani.

Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF na tallafa wa asibitin tun 2014, kuma kyauta ake aikin. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin cututtukan da aka yi watsi da su.