Jinjina ga Masu Girkin Vaisakhi

Idan alkama ta nuna a yankin Punjab, ranar 13 ko 14 ga Afrilu, mabiya addinin Sikh kan yi bikin Vaisakhi. Bikin girbi ne, kuma tunawa da 1699, shekarar da jagoransu Guru Gobind Singh ya kafa jama'ar Khalsa a Anandpur. Ana kiɗa, ana jerin gwano, amma ni na bakin murhu ne suka fi burge ni.

A babban wurin ibadarsu na Amritsar, mai rufin zinariya, 'yan sa-kai ke ciyar da dubban mutane kyauta, al'adar langar da ta faro tun zamanin Guru Nanak, wanda ya kafa addinin. Tsofaffi na zaune suna ɓare tafarnuwa, mata na murza gurasa, samari na juya miyar wake a manyan tukwane. Ba a sa nama, don Bahindu da Musulmi da kowa ya ci hankali kwance. Attajiri da talaka sahu ɗaya suke zama a ƙasa, kai a rufe, kowa ya tara hannu biyu ya karɓi gurasa.

Masu wanke-wanke kuwa, sannunku da ƙoƙari. Faranti sai ya bi ruwa bayan ruwa kafin ya isa hannun baƙo na gaba, kuma yawancinku ko anini ba kwa karɓa.