Sandar Makaranta da Sandar Makiyayi: Sharhi a kan Koyarwar Remy Presas

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kumadugu da la'asar, lokacin da shanu ke gangarowa shan ruwa, ya san yadda makiyayi ke riƙe sandarsa: a gicciye bisa kafaɗu, hannuwa biyu na rataye a kanta, sai ka ce ba ta da wani aiki illa hutar da damtse. Amma bari bijimi ya yi gardama, ko baƙon kare ya tunkari maraƙi, kafin ƙiftawar ido sandar ta sauko, ta sauka daidai inda aka nufa, ta koma mazauninta. Babu wanda ya taɓa ba yaron nan takardar shaida a kan wannan gwaninta, kuma babu wani littafi da na sani wanda ya rubuta ta.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne tambayar da wani abokin aiki, malamin motsa jiki a wata makarantar garin Difa, ya yi mini. Ɗalibansa sun nuna masa a salula wasu mutanen ƙasar Filifin suna kaɗa gajerun sanduna biyu-biyu da sauri kamar masu saƙa, suka roƙe shi ya koya musu, wai don su iya kare kansu. Shi kuma ya ce mini: «Malam, kai da kake karance-karance, wannan abu ya cancanci a shigo da shi filin lakwal?» Na roƙi ya ba ni lokaci. Na koma ga aikin mutumin da ya fi kowa mayar da wannan wasa darasi, wato Remy Presas, musamman littafinsa mai suna Modern Arnis wanda aka buga a Amurka a 1983. Wannan sharhi shi ne amsar da na iya haɗawa.

Wasan yana da sunaye uku: arnis, eskrima da kali. Biyun farko daga Sifaniyanci suka fito, domin Sifaniya ta mulki tsibiran Filifin daga 1565 zuwa 1898. Mai jin Faransanci zai gane «escrime» a cikin eskrima, ya kuma gane «harnais» a cikin arnis, wato sulken da ƴan wasan kwaikwayo ke sakawa a wasannin moro-moro, inda ake kwaikwayon yaƙin Kirista da Musulmi. Sandar kuwa ta wani ice ne mai kama da gora, marar nauyi, tsawonta kamar santimita 70. A 1932 wasu gwanaye suka kafa ƙungiyar Doce Pares a birnin Sebu, kuma a birnin ne Presas, wanda aka haifa a 1936 a tsibirin Negros, ya yi almajiranci a hannun masu salon Balintawak. Ya kuma koyi karate da judo, abin da ya bar tabo a aikinsa, kamar yadda za mu gani.

Babban abin da Presas ya yi, kuma abin da ya sa nake ganin kowane malami ya kamata ya san sunansa, abu ne mai sauƙin faɗi. A da, idan ana koyar da yaro, ba sandarsa ake duka ba, hannunsa ake duka, domin a faɗan gaske hannun da ke riƙe da makami ake nema. Sakamakon haka a fili yake: yatsu su kumbura, yara su gudu, iyaye su hana, samari su koma ga karate mai farar riga da ɗamara. Presas ya ce a lokacin koyo sanda ta bugi sanda. Tsofaffin gwanaye sun ga wannan a matsayin rage wa wasan daraja, amma da wannan canji ne aka sami damar tara yara da yawa a fili guda, malami ɗaya na tsaye, kowa ya koma gida da yatsunsa goma.

Sai kuma lissafi. Littafin ya kasa duka gida 12, kowanne da lambarsa: biyu a gefen kai, biyu a kafaɗa ko damtse, suka a ciki, suka biyu a ƙirji, biyu a gwiwa, biyu a ido, na ƙarshe a tsakar ka. Ba Presas ne ya ƙago ƙidayar ba, makarantun Sebu sun riga shi, amma shi ya daidaita ta yadda malamin da bai taɓa faɗa ba zai iya kiran lamba, ajin ya amsa. Wanda ya yi karatun allo ya san ƙarfin wannan dabara: yaro ba ya iya karanta sura da kansa, sai an yi babbaƙu da farfaru. Duka goma sha biyun nan su ne babbaƙun wasan. Farfarunsa kuwa shi ne abin da suke kira sinawali, inda mutum biyu ke musayar bugu a jere, sama da ƙasa, dama da hagu. Sunan ya fito daga sawali, saƙar gora da ake yin bangon ɗaki da ita, kusan abin da mu muke kira zana. A nan littafin ya fi burge ni. Saƙar tana koya wa yaro amfani da hannun hagu kamar na dama, tana koya masa auna tazara, tana kuma tilasta masa ya saurari abokinsa, domin idan ɗaya ya yi gaggawa saƙar ta warware. Yaron da ya saba da ita ya daina rufe ido idan abu ya taso masa, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Inda littafin ya fara raunana shi ne inda ya shiga ƙwace makami daga hannun abokin gaba. Hotuna ne a jere: mai kawo hari ya miƙo hannu, ya tsaya cak, malam ya kama, ya murɗa, sanda ta faɗi. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai mai kawo hari a hoton nan almajiri ne mai biyayya, ya kawo duka ɗaya tak a lambar da aka ce masa, sa'an nan ya jira. Wanda ya taɓa raba faɗa a bakin rijiya ko a kasuwar dabbobi ya san mai fushi ba ya jira, ba ya ƙidaya, kuma sau da yawa ba shi kaɗai ba ne. Haka nan da'awar da ke ƙarƙashin dukan tsarin, cewa motsin da aka koya da sanda shi ne dai za a yi da adda, da wuƙa, da hannu tsura, gaskiya ce rabi. Kusurwar ɗaya ce, amma sanda tana yafe kuskure, wuƙa ba ta yafewa. Ɗamarar daraja da Presas ya aro daga karate ta ƙara dagula lamarin, domin tana sa yaro ya ɗauka cewa launin da ke ƙugunsa ma'aunin abin da zai iya ne a kan titi.

Akwai kuma wani labari da ke bin wasan duk inda ya je, wai da shi ne Lapu-Lapu ya kashe Majelan a tsibirin Maktan a 1521. Yaƙin ya faru, Majelan ya mutu a cikinsa, amma babu wata shaida da ta haɗa masu da garkuwan ranar da ƙidayar da ake koyarwa yau. Wasu masana biyu ƴan Sebu, Ned Nepangue da Celestino Macachor, sun fitar da littafi a 2007 inda suka ƙalubalanci irin waɗannan tatsuniyoyi na asali. Na ambaci wannan ne domin mu ma muna da wannan cuta: ba mu iya yabon al'ada sai mun rataya ta a wuyan wani sarkin yaƙi.

Duk da haka, ƙasar ta ci riba. Presas ya rasu a 2001, kuma a Disamban 2009 shugaba Gloria Arroyo ta sa hannu a doka mai lamba 9850, wadda ta mayar da arnis wasan ƙasa, ta kuma umarci a saka shi cikin darasin motsa jiki. An yi gasarsa a wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 2005 da 2019, da sanduna masu laushi da hular kariya da alƙalai. Mu nan Nijar ba baƙi ba ne ga irin wannan tafiya. Kokowa ta ƙauye ce, ta bayan girbi, har zuwa 1975 da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Tun daga nan aka sami fili, da alƙali, da ƙa'ida, da lokaci, har Difa ta karɓi baƙuncin gasar a ƙarshen 2022, Isaka Isaka na Doso ya yi nasara. Abin da aka yi wa kokowa ba a yi wa sanda ba. Muna da lambar tagulla ta Isaka Dabore a damben zamani a Munik a 1972, muna da azurfar Abdul Razak Alfaga a tekwando a Riyo a 2016, duka a wasannin da muka aro, alhali abin da ke rataye a kafaɗar kowane makiyayi ko sunayen bugunsa ba mu tattara ba.

Wani zai ce ai muna da sharo. Sharo wani abu ne dabam. A can saurayi yakan tsaya ƙirji a buɗe, wani lokaci da madubi a hannu, a zabga masa, ya daure ba tare da fuskarsa ta canja ba. Jarrabawar haƙuri ce, abin da Fulani ke kira munyal. Ba ta koyar da kaucewa, domin kaucewar ma ita ce abin kunya. Arnis kuwa gaba ɗayansa ilimin kaucewa ne da karewa. Sanda guda, tarbiyya biyu masu hannun riga, kuma ina ganin malamin da ya ajiye su gaban ɗalibansa ya ce su kwatanta ya ba da darasin al'ada wanda ya fi shafi goma na bayani.

Saura kalmar da yaran suka yi amfani da ita, kare kai, wadda a Difa ba a furta ta da wasa. Tun harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa a Fabrairun 2015, da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya, da hana hawan babur, da ƙauyukan bakin kogi da suka tashi suka zube a gefen kwalta, yaran jihar nan sun san abin da tsoro yake nufi fiye da duk wani mai koyar da wasa a Manila ko Kalifoniya. Zalunci ne a sayar musu da mafarkin cewa sandar santimita 70 za ta tsaya gaban bindiga. A ƙetaren iyaka, a Maiduguri, samarin da suka tashi a 2013 aka yi musu laƙabi da kato da gora sun taimaka wajen fitar da ƴan bindiga daga unguwanni, amma ba gorar ce ta yi aikin ba. Sanin fuskoki ne da sanin lunguna. Daga baya kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun zargi wasunsu da cin zarafin mutanen da suka ce suna karewa. A kwarin Kumadugu, inda gonar tattasai da burtalin shanu ke kafaɗa da kafaɗa, kuma inda ƙaramar ɓarna kan zama babbar rigima, malamin da ya koya wa yaro duka a gefen kai da gwiwa ya ɗauki nauyin da littafin Presas bai yi masa tanadi ba. Littafin an rubuta shi ne don mutanen da ke komawa gida cikin kwanciyar hankali bayan motsa jiki.

Saboda haka abin da na gaya wa abokina shi ne ya ɗauki sinawali, ya bar ƙwace wuƙa. Ya kira abin wasa, kada ya kira shi kare kai. Ya haɗa ɗan manomi da ɗan makiyayi, mace da mace, a saƙa guda, da karan dawa ko sandar da aka naɗe da tsumma. Na kuma tuna masa Masar, inda wasan sanda na mutanen kudancin ƙasar, tahtib, ya shiga jerin gadon al'adu na UNESCO a 2016. Can ana yin sa ne da kiɗa, a cikin da'irar ƴan kallo, kuma ƙa'idar ita ce a nuna an sami kan abokin wasa ba tare da an buge shi ba. Wannan ya fi kusa da mu fiye da hular kariya da maki.

Aikin da ya fi girma kuwa na ƙungiyoyin raya al'adu ne, kuma shi ne ainihin abin da ya cancanci a aro daga Presas: a zauna da gwanaye, a tambaye su, a rubuta, a tsara, a cire abin da ke raunata mai koyo. Akwai haɗari a ciki, ban ɓoye ba. Da zarar an ba bugu lamba, an cire shi daga garke da daji da dalilin da ya sa ake yin sa, kuma ranar da ma'aikata ta fara ba da takardar shaida, dattijon da ya koyar da abin zai iya wayar gari ba shi da ikon koyar da shi. Wannan ta faru da wasu tsofaffin gwanayen Filifin, waɗanda almajiransu na ƙetare suka fi su suna da samu.

Mun gwada, ni da abokin nawa, wata ranar kasuwa. Muka sami wani dattijo makiyayi a inuwa, muka gaisa, muka tambayi lafiyar bisashe da iyali, sa'an nan na ce: «Baffa, bugun sanda iri nawa ne?» Ya dube ni, ya dubi littafin rubutun da ke hannuna, ya yi dariya har sai da ya share ido. Ya ce shi bai taɓa ƙirgawa ba, ya danganta da abin da ke gabanka, ko sa ne, ko kura, ko mutum, kuma na mutum ba a nuna shi a kasuwa. Daga nan ya miƙe, ya matsar da mu baya, ya nuna mana yadda ake juya bijimi ba tare da an taɓa shi ba. Abokina ya roƙi ya maimaita a hankali. Ya maimaita sau uku, kuma ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta sauka a wuri guda ba.