Ido Ba Mudu Ba Ne: Tarken Darasin Kallon Fasaha ta Intanet Daga Magarya da Dungas

Gabatarwa

A jami'o'i da dama na Turai da Amurka akwai wani darasi da akan gabatar wa ɗaliban shekarar farko, ko da kuwa likitanci ko lissafi ya kawo su. Manufarsa ita ce a koya wa ɗalibi yadda zai tsaya gaban zane ko gini ko sassaƙa, ya dube shi cikin natsuwa, sannan ya iya faɗin abin da ya gani da dalilin da ya sa aikin ya ƙayatar ko ya gaza. Wannan shi ne abin da za a kira darasin kallon fasaha a cikin wannan maƙala. A da, sai wanda ya samu shiga babban ɗakin karatu ko gidan adana kayan tarihi ke iya ɗanɗanarsa. Yanzu kuwa intanet ta kawo shi har cikin wayar salula, ta yadda malamin kwaleji a Bande, ko ɗalibin jami'ar André Salifou ta Damagaram da ya koma hutu gida a Malawa, zai iya bin sa daga farko har ƙarshe, muddin akwai caji a waya da kuɗin shiga intanet.

Tambayar da ta kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su yi wa kansu ita ce: da me ɗan gundumar Magarya ko ta Dungas zai ƙaru a wannan darasi, me kuma zai iya rasawa? Matsayin wannan maƙala shi ne, darasin yana ɗauke da kyakkyawar hanyar horar da ido, amma hanyar ba za ta amfani wannan yanki ba sai an juyo da ita kan bangon zaure da wuyan riga da allon zayyana na gida.

Tsarin darasin

Mafi yawan waɗannan darussa tafarki ɗaya suke bi. Sukan fara da ginshiƙan zane, wato layi da launi da siffa da haske da inuwa da daidaiton sassa. Daga nan sai su kama hanyar tarihi: zanen dabbobi na kogon Lascaux da aka gano a Faransa a 1940, sai Masar ta Fir'auna, sai Girka da Rum, sai majami'un Turai, sai gwanayen Italiya na ƙarni na 15 da na 16, har a iso ga Pikaso da na bayansa. Littattafai irin su The Story of Art na Ernst Gombrich, wanda ya fito a 1950 aka kuma fassara shi zuwa harsuna da yawa har da Faransanci, su suka share wannan hanya tun kafin zuwan intanet.

A intanet, ɗaya daga cikin fitattun mashigai shi ne Smarthistory, wanda Beth Harris da Steven Zucker suka fara a 2005. Kyauta ne, kuma ya shahara da gajerun bidiyo inda masana biyu ke tsayawa gaban aiki suna tattaunawa a kansa cikin Ingilishi. Mai Faransanci kuwa yana da dandalin FUN da hukumomin Faransa suka buɗe a 2013 domin darussan jami'a, ga kuma gidan tarihi na Louvre da ya zuba bayanin kayansa fiye da 480,000 a intanet a 2021.

Abin yabo

Babban alherin darasin shi ne ladabin kallo. Malamin fasaha Edmund Feldman na Amurka ya tsara matakai huɗu da darussa da yawa ke amfani da su: a siffanta abin da ke gaban ido, a ƙwanƙwance yadda aka harhaɗa shi, a nemi ma'anarsa, sannan a yanke hukunci. Hikimar tana cikin jerin matakan, domin hukunci ne ya zo ƙarshe. A al'adar yau da kullum mutum yakan fara da “ya yi kyau”, ya kuma tsaya nan. Ɗalibin da aka tilasta wa ya rubuta layi goma na siffantawa kafin ya furta yabo ko suka ya koyi wani abu da zai bi shi har cikin nazarin waƙa da tarihi da kimiyya.

Haka kuma, tsarin hirar mutum biyu a gaban aiki abin koyi ne ga ajin da ya saba da malami ya yi shifta, ɗalibai su haddace. Yana nuna wa yaro cewa masana kan tambayi juna, ɗaya ya hango abin da ya kuɓuce wa ɗayan, kuma hujja tana jikin aikin da kowa ke gani.

Taswirar da ba ta biyo ta Damagaram ba

Matsala ta farko tana cikin zaɓen abin da za a kalla. Misali mai sauƙin aunawa shi ne jerin ayyuka 250 da hukumar College Board ta Amurka ta tsayar tun shekarar karatu ta 2015 domin darasinta na tarihin fasaha mai darajar shekarar farko ta jami'a, wanda Smarthistory ta yi wa bayani. A cikin jerin, babin Afirka ya samu ayyuka 14. Gaskiya ne an sanya Masar da zanen duwatsun Tasili na Aljeriya da wasu masu fasahar zamani a wasu babobi, kuma babban masallacin Jenne na Mali yana cikin 14 ɗin. Amma babu ko aiki ɗaya daga ƙasar Hausa, babu ko ɗaya daga Nijar. A littafin Gombrich kuwa, Afirka ta kudu da Sahara ta leƙo ne a babin farko, kusa da mutanen kogo, kamar dai fasaharta share fage ce kawai.

Dalilin wannan giɓi sananne ne. Turai ta fara ɗaukar fasahar Afirka da muhimmanci ta hanyar fuskokin dodanni da gumakan itace, irin waɗanda Pikaso ya gani a gidan tarihi na Trocadéro a Paris wajen 1907. Don haka babin Afirka ya cika da sassaƙa. Babin Musulunci kuma ya tafi Kurduba da Isfahan da Taj Mahal. Musulmin Sahel, wanda gwanintarsa ta fi bayyana a gini da ɗinki da dukanci da zayyana, sai ya faɗa tsakanin babi biyu, ba wanda ya ɗauke shi.

Alhali kuwa abin nunawa bai yi ƙaranci ba. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya kai mita 5.4. A yammacin ƙasa akwai mutum-mutumin yumɓu na Bura, da masani Boubé Gado ya tono a 1983. A Yama ta jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, aka ba aikin kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A birnin Damagaram ga fadar sarki ta ƙarni na 19 da gidajen unguwannin Birni da Zango masu adon bango. Ko a Turai ma an taɓa shaida wannan gado, domin a 1976 David Heathcote ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan. Ɗalibin da ya gama darasi bai ji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba zai iya fita da wani mugun zato, cewa fasaha wata aba ce da ake rataye wa a bangon ƙasashe masu nisa, abin da kakarsa ke saƙawa kuwa sana'a ce kurum.

Abin da gilashin waya ke ɓoyewa

Matsala ta biyu daga na'urar take. Zanen Mona Lisa na Leonardo da Vinci tsawonsa santimita 77 ne, faɗinsa 53. Guernica, wanda Pikaso ya zana a 1937, faɗinsa ya haura mita 7. Raƙumin dawan Dabus ya ninka tsawon mutum sau uku. A fuskar waya dukkansu ba su wuce tafin hannu ba. Girma da nauyi da kaushi da santsi, waɗanda rabin ma'anar aiki ke cikinsu, duk sun ɓace.

Wannan asara ta fi tsanani ga irin fasahar wannan yanki. Adon da magini ya tayar a fuskar zaure yana rayuwa ne da rana: da hantsi inuwa takan fito da kowane lanƙwaso, da tsakar rana ya kwanta, da la'asar ya sake tashi ta ɗaya gefen. Babbar riga mai aska takwas an ɗinka ta ne domin a gan ta a jikin mai tafiya, yana naɗe hannuwanta bisa kafaɗa. Faifai da tabarmar kaba kuwa yatsa ke fara gane ingancin saƙarsu kafin ido. Hausawa sun ce gani ya kori ji, sai dai ganin hoto bai kai ganin abu ba.

Akwai kuma batun da bai kamata malami ya kauce masa ba. Darasin yana cike da surorin mutane, wasu ma tsirara, daga Girka da Italiya, abin da iyaye da yawa a garuruwan tsangayu ba za su lamunta ba. Bidiyo ba ya sanin gidan da ya shiga. Malamin da ke zaune cikin jama'a shi ya san abin da zai gabatar wa ɗan aji uku na kwaleji da abin da zai bar wa ɗalibin jami'a, ya kuma san yadda zai bayyana tarihin abu ba tare da ya tozarta tarbiyyar gida ba.

Harshen tarke na gida

Matsala ta uku ita ce ta harshe. Darasin yana ba ɗalibi kalmomin Ingilishi ko na Faransanci, sai ya ɗauka cewa Hausa ba ta da bakin magana a wannan fage. Wannan kuskure ne. Magina suna da tubali da azara da bakan gizo da ɗaurin guga da zanko da indararo, suna da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa domin kare bango daga ruwa. Maɗinka suna da aska biyu da aska takwas da tambari da linzami. Alamar dagi tana yawo daga bango zuwa riga zuwa fata. Kowace kalma a cikin waɗannan ma'auni ce da gwanaye ke auna aikin juna da shi.

Tarken ma yana nan a aikace. Mai sayen hula a kasuwa yakan juya cikinta ya duba tafiyar zare. Matan da suka zo ganin ɗakin amarya sukan auna jere da ido, su gane inda aka daidaita kwanuka da inda aka cunkushe su. Alaramma yakan dubi allon zayyana na mai sauka ya san ko hannun mai zanen ya nuna. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Raunin wannan tarke na gida shi ne ba a rubuta shi, ba a kuma tilasta wa mai yin sa ya bayyana hujjarsa. A nan ne matakan Feldman za su yi amfani, su ba sanin gida tsari, shi kuma ya ba su abin dubawa.

Aikin malamai da ƙungiyoyi

Lamarin yana da gaggawa. A farkon Satumba 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, duk da cewa tsohon birnin yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. A Agusta 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ya rufta har aka rasa rayuka. Idan wannan ya samu gine-ginen da duniya ta sani, ina ga zaurukan Washa da Dungas, tsofaffin garuruwan Sosebaki, inda siminti da kwano ke maye gurbin ƙasa da azara?

Akwai abin koyi a tarihi. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiya domin manhajar da Turawan Ingila suka shimfiɗa ta yi watsi da gadonsu. Sun riƙe dabarun da aka koya masu, suka koma da su kan zanen garuruwansu, daga baya kuma suka zama jagororin fasahar zamani a Najeriya.

Abin da ya rage wa malaman Magarya da Dungas bai fi ƙarfinsu ba. Da farko, kowane aikin waje a haɗa shi da takwaransa na gida: Lascaux da Dabus, bakan ginin Rum da bakan gizo, adon bangon Alhambra da allon zayyana. Na biyu, a sauke bidiyon sau ɗaya a inda layi ke da ƙarfi, a raba shi daga waya zuwa waya, a kalle shi cikin taro domin a samu muhawara. Na uku, kowane ɗalibi ya zaɓi abu ɗaya da zai iya isa gare shi da ƙafa, ya auna shi, ya ɗauki hotonsa da izinin mai shi, ya rubuta shafi guda a kansa cikin Hausa da Faransanci, da sunan wanda ya yi shi da shekarar da aka yi. Na huɗu, a gayyato magini da baduku da mai ɗinkin hula da mai saƙar faifai cikin aji a matsayin malamai, a biya su haƙƙinsu, a kuma kai ɗalibai Mirya su ga yadda ake ginin tukwane. Ƙungiyoyin al'adu su ne za su adana waɗannan shafuka.

Kammalawa

Darasin kallon fasaha ta intanet ya cancanci a buɗe masa ƙofa, domin yana koyar da haƙurin dubawa da ladabin hukunci, ya kuma nuna wa yaron karkara abin da ƴan Adam suka ƙaga a sassan duniya. Gazawarsa ita ce taswirarsa ta tsallake Sahel, na'urarsa ta danne girma da jikin aiki, harshensa kuma bai san kalmomin magina da maɗinka ba. Waɗannan giɓoɓi uku babu mai cike su daga Paris ko Niyok. Ma'aunin nasarar darasin a wannan yanki shi ne, bayan ɗalibi ya kashe waya, ya tsaya a ƙofar zauren mai gari, ya iya faɗin abin da magini ya yi a wurin, da Hausa, kafin wata damina ta shafe shi.