Fuskoki barjat, bakuna a rufe: daga La Croisière noire zuwa Sarraounia

A ƙarshen shekarar 1924 ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën ya ratsa ƙasar Nijar ta Yamai da Damagaram har bakin Tafkin Cadi. Daga wannan tafiya ce Léon Poirier ya fitar da fim ɗin La Croisière noire a 1926. Masu kare irin waɗannan tsofaffin finafinan kasada sukan ce ai sun nuna al'ummu iri-iri, sun kuma adana mana kamannin kakanni. Hotunan kam taska ne, amma yawan fuskoki ba ya zama wakilci.

Jarumin fim ɗin mota ce. Mutanen da aka tarar a hanya rabonsu rawa da ado da taron kallo. Fim ne marar murya, bayanin da ke tsakanin hotuna kuwa Bature ya rubuta wa Bature. Mai kallo ba zai taɓa sanin cewa a kwarin Komadugu aka yi Birnin Ngazargamu, fadar sarakunan Barno tun ƙarni na 15 har zuwa 1808 ba.

Zuwan murya ma bai warkar da ciwon ba. A Sanders of the River na 1935, wanda aka ɗora labarinsa a Nijeriya, Paul Robeson ya yi magana, ya yi waƙa, amma a matsayin sarki mai biyayya ga jami'in mulkin mallaka. Daga baya shi da kansa ya yi tir da fim ɗin.

Amsa ta zo daga ɗan jihar Difa, Abdoulaye Mamani haifaffen Gudumariya. Littafinsa Sarraounia na 1980 Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Nan tafiyar Voulet da Chanoine ta 1899, wadda ita ma Cadi ta nufa, ta fito da kamanninta na ƙone-ƙone da kisa, mutanen Lugu suna da suna da dabara. Sai dai a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, saboda haka sarauniyar Azna ba da Hausa take magana ba. Wannan giɓi ne da bai kamata yabo ya rufe ba.

Maganar ba ta tsufa ba. A 2014, da mutanen Damasak suka tsallako kogi zuwa Gagamari, kyamarorin duniya sun sake ɗaukar fuskoki masu yawa, sunaye kaɗan.

Saboda haka malamai da ƙungiyoyin al'adu kada su jefar da tsofaffin finafinan. A nuna su tare da Sarraounia, a tambayi ɗalibai abu uku: wa ke da suna, wa ke magana, da wane harshe? Yaron da ya iya wannan tambaya da Barbarci ko Hausa ko Fulatanci, gobe shi zai riƙe kyamarar.