Furannin Takarda a Zazzau Suleja

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta yaɗu a tsakanin 'yan mata da matan aure na Suleja, wadda kakanninmu ba su san ta da wannan kama ba, watau sarrafa takarda da kwali a mai da su furanni da akwatunan kyauta da katunan gayyata da sauran kayan ƙawa; har abin ya kai ga da wuya mutum ya halarci biki ko suna ko walimar sauka, tun daga cikin gari har Kwamba da Madalla, bai tarar da bangon da aka lulluɓe da manyan furannin takarda domin ɗaukar hoto ba, ko kuwa turare da turmin atamfa da aka naɗe, aka ɗaure da kintinkiri, aka jera a kan tire. Yawancin masu yin da na sani da sha'awa suka fara, waɗansu a zaman gida na annobar korona a 2020, waɗansu a yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 wanda ya zaunar da ɗalibai wata takwas. Malaminsu wayar hannu ce, jarinsu kuwa almakashi da gam da takarda mai launi daga kasuwar IBB. Daga baya maƙwabta suka fara roƙo, sa'an nan aka fara biya, ga shi yau akwai wadda da wannan take sayen littattafanta na makaranta.

Na sha jin dattawa, maza da mata, suna kushe wannan aiki, suna cewa wasan yara ne aka ɗaukaka, kuma me za a yi da abin da yayyafi ɗaya zai narkar? Ina girmama masu wannan magana, amma ban yarda da ita ba. Wanda duk ya zauna ya ga yadda ake haɗa fure guda, yadda yarinya za ta auna, ta zana, ta yanke ganye bayan ganye daga babba zuwa ƙarami, ta lanƙwasa bakin kowanne a jikin fensir don ya ɗan naɗe, sa'an nan ta liƙa su daki-daki har su tashi su buɗe, alhali kuskuren yanka ɗaya yana iya sa ta sake daga farko, zai tabbata cewa a nan ana koyon haƙuri da nutsuwa da daidaita ido da hannu, waɗanda su ne asasin kowace sana'a. Game da rashin ƙarko kuwa, ai lallen amarya ma kwanaki yake yi ya goge, ba mu kuwa taɓa jin wanda ya kira ƙunshi ɓata lokaci ba. Bayan haka kyauta abu ne mustahabbi a addininmu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da musayarta domin tana dasa ƙauna a zukata. Wadda ta ɓata darenta tana ƙawata ɗan abin da za ta miƙa wa 'yar'uwarta ta ƙara masa wani abu daga ranta wanda ba a sayar da shi a kanti, ko da kuwa abin da ke ciki sabulu ne da ɗankwali.

To, amma ina da ƙorafi, kuma saboda shi ne na ɗauki alƙalami. Idan mutum ya duba ayyukan nan da idon basira, zai ga kusan dukansu kwafi ne: furen wardi iri ɗaya, siffar zuciya iri ɗaya, ruwan hoda da ruwan zinariya iri ɗaya, rubutun Turanci mai lanƙwasa iri ɗaya, kamar yadda aka gan su a YouTube da Instagram da TikTok, ta yadda in an ɗauki hoton bangon biki na Suleja aka ajiye kusa da na wani birni a Indiya ko Amurka, ba mai iya rantsuwa ya ce ga namu. Koyi da gwani ba aibi ba ne, kowane almajiri da kwaikwayon rubutun malaminsa yake farawa. Aibin shi ne a daɗe ana kwaikwayo har a manta cewa akwai abin da za a ƙara, kuma wannan mantuwa ta fi ciwo a garinmu fiye da ko'ina, domin a nan ne aka taɓa warware wannan mas'ala, duniya kuwa ta shaida.

Sanin kowa ne cewa Suleja ita ce Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan da sarautar Zazzau ta Haɓe ta baro Zariya, kuma sai bayan da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 ne garin ya bar wa tarayya sunan, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. A zamanin wannan sarki ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya zaɓi garin ya kafa makarantar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. A fadar sarki ya ga waɗansu tulunan da suka ba shi mamaki, aikin wata mata Bagwariya daga Kwali mai suna Ladi, wadda ta koyi gini a hannun gwaggonta bisa tsohuwar hanya, ba injin juyi, ba tanderu. A 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. A can ta koyi abubuwan da baƙi ne sarai a wurinta: juya yumɓu a kan faifan inji, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi wanda ke mai da tukunya kamar dutse. Ta karɓi wannan duka ba tare da girman kai ba. Amma da aka zo ga abin da za a zana a jikin tulu, sai ta zana abin da ta tashi da shi: ƙadangare da kunama da kifi da kada da hawainiya da tsuntsu, kowanne cikin gidansa na layuka da ɗige-ɗige irin na Gwari. Da waɗannan ne aka baje kolin aikinta a Landan tun a 1958, da su ta zagaya Amurka a 1972 tana gwada gini a gaban jama'a, da su Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, alhali ba ta yi karatun boko ba. Ta rasu a 1984, hotonta kuwa yana bayan takardar naira ashirin. Da a ce ta tsaya ga kwaikwayon butocin shayi na Ingila, da ta zama ma'aikaciya mai kyau a cikin ma'aikata, da kuma yau ba mai tuna sunanta.

Abin da nake nema ga 'ya'yanmu masu almakashi ke nan, ba ƙari: su riƙe dabarar da suka koya a waya, su zuba mata namu. Kuma kada wani ya ce ba mu da gadon ƙawata takarda, domin wannan jahilci ne da tarihi. Tun ƙarnuka da suka shuɗe fatake ke ketaro Sahara da takarda daga Tarabulus da Masar, mafi shahararta ita ce 'yar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda in an ɗaga ta ga haske ake ganin alamar a cikinta; da ita aka rubuta ɗimbin littattafan malaman Sakkwato da Kano da Barno. Saboda tsadarta da nisan inda ta fito, marubuta ba su yarda ko gefenta ya tafi a banza ba, sai sun cika shi da sharhi. A kanta suka ƙware wajen zayyana: tawada baƙa ga harufa, ja ga wasula, rawaya da kore ga alamomi, da'irori a gefe masu nuna hizifi da sumuni da wurin sujada, da shafi guda cur na zane mai murabba'ai da saƙaƙƙun layuka wanda ke raba rubu'in Alƙur'ani da rubu'i, in an gama a yi masa tadarishi, a sa shi a gafaka. Irin wannan zayyana ce ake yi wa allon mai sauka har gobe. Ga kuma dagi da ke jikin soraye, ga aska biyu da aska takwas a ƙirjin riga, ga zanen ƙwarya da na faifai, ga na tukwanen Gwari da muka ambata. Kusan dukan waɗannan zane ne na layi da kusurwa da maimaici, wanda rabinsa ke amsa rabi. Wanda kuwa ya taɓa ninke takarda huɗu ya yanka ya buɗe ya san cewa ba abin da almakashi ya fi iyawa kamar wannan. Mutanen Sin, waɗanda su suka ƙirƙiro takarda tun farko, sun riƙe yankan takardarsu da zanen gargajiyarsu har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2009. Mu kuwa muna zaune a kan taska muna ara a waje.

Akwai kuma wata mas'ala da ta fi wannan nauyi a wurina, ita ce ta alfarmar rubutu. Mun tashi mun ga iyayenmu in suka ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai sun sunkuya sun ɗauke, su soke ta a jikin danga ko ramin bango, in ta tsufa a ƙone ta ko a binne a wuri mai tsarki, don gudun kada a taka sunan Allah. Yau kuwa an shiga yayin buga Bisimilla da ayoyi da addu'o'i a kan katin gayyata da marfin kwalin kyauta da 'yan jakunkunan da ake raba wa mahalarta. Niyyar kyakkyawa ce, neman tubarraki ake yi, ban yi shakka ba. Sai dai duk wanda ya bi ta wurin biki washegari da safe ya san inda waɗannan takardu ke kwana: cikin shara, tare da ledar ruwa da ƙashin kaza, daga nan sai kwata. Fuƙaha'unmu ba su yi saɓani ba a kan wajabcin kiyaye ayar Alƙur'ani daga ƙazanta. Don haka ina ganin ya kamata mai sana'a ta kafa wa kanta ƙa'ida: abin da aka yi don a yage a yar, kada aya ta hau kansa, ko da mai biki ta nace, abin da aka yi don a rataye a ɗaki a adana, wannan hukuncinsa dabam. Nan ma zayyana tana da amfani, domin tana ba abu kwarjinin addini da kamala ba tare da an rubuta harafi ko ɗaya ba.

Shi kuwa yayin naɗe takardun kuɗi a mai da su fure, wannan ba na ƙirga shi cikin fasaha, riya ce aka yi wa ado. Hasali ma doka ta hana: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyu, ga mai wulaƙanta naira, kuma a 2023 bankin ya ambaci furen kuɗi ƙarara a cikin nau'o'in wulaƙancin. Haka nan in kuɗin naɗi ya fi kuɗin abin da aka naɗe, ko aka ƙara wa lefe wani sabon nauyi da talaka zai ci bashi ya ɗauka don kada a rena shi, to an fita daga ƙawa an shiga israfi. Aure a garin nan ya riga ya yi tsadar da ta ishi samari.

Yadda za a haɗa masu takarda da masu zayyana shi ne abin da ke bukatar tunani, domin zayyana tana hannun maza a makarantun allo, almakashi kuwa yana hannun mata a cikin gida, kuma ɓangarorin biyu ba su cika haɗuwa ba. A ganina makarantun Islamiyya su ne mahaɗa, tun da 'yan matan nan yawancinsu ɗalibansu ne ko tsofaffin ɗalibai, kuma kowace shekara makarantun suna shirya walimar sauka wadda ke bukatar ado da katuna da kyaututtuka. Ba zai gagari hukumar makaranta ba ta gayyato alaramma mai zayyana ya yi 'yan makonni yana nuna wa ɗalibai yadda ake raba fili da yadda ake saƙa layi, su kuma su fitar da shi a kwali, su yanka, a ƙawata wurin walima da shi a maimakon furannin da aka saba. Masu son zanen Gwari kuwa ba sai sun yi nisa ba, har yanzu ana kawo tukwane kasuwannin da ke kewaye da mu, mata masu ginin suna nan da ransu.

Sauran aikin yana wuyanmu mu masu saye, domin yarinya ba za ta ɓata kwana uku a kan dagi ba muddin ta san wardi za a tambaye ta. Sai mun riƙa nema da bakinmu, mu ce a yi mana akwatin da aska takwas a marfinsa, ko katin suna mai zanen faifai. Kuma mu sani cewa irin wannan ya fi cin lokaci nesa ba kusa ba, tun da babu samfurinsa a intanet da za a sauke a bi, sai ta zana da kanta, ta gwada, ta ɓata takarda kafin ya fito; takardar ma yawancinta daga waje ake shigo da ita tun da masana'antunmu irin ta Jebba suka ja baya, farashinta kuwa yana bin dala. In ta faɗi kuɗinta, kada a ce mata ai takarda ce kawai, a lissafa mata kwanakin da ta yi a kai, a biya ta kamar yadda ake biyan mai ɗinkin hula.