Gajimaren da babu ruwa a cikinsa

Ɗan ƙanwata yana aiki a wani shagon buga takardu a nan Tibiri. Wata rana da rezon intanet ya ɗauke tun hantsi, sai ya aiko a kira ni. "Kawu, zo ka gani. Ga takardar malamin nan, ina ganin sunanta ƙiri-ƙiri, amma ta ƙi buɗuwa." Malamin kuwa yana zaune a kan benci, ya taso daga ƙauye a kan babur don a fitar masa da jerin sunayen ɗalibansa. Na sunkuya na ƙura wa allon ido. A gefen sunan takardar akwai ɗan zanen gajimare da bai kai ƙwayar wake ba. Abin da zanen ke nufi shi ne suna kawai ya rage a cikin kwamfutar, takardar kanta tana ajiye a wata na'ura a wata ƙasa, sai da intanet za ta sauko. Yaron ya shekara yana kallon wannan gajimare yana ɗauka alama ce ta cewa an adana aiki lafiya.

Ban ga laifinsa ba. Mutumin Arewa da ya tashi yana kallon gabas tun watan Mayu, gajimare a wurinsa albishir ne. Wa zai ce masa a kan allo ma'anarsa "abinka ba ya hannunka"?

Tun ranar nake lura da waɗannan ƙananan zane-zane na manhajojin ajiya, kuma abin da na fahimta shi ne masu zana su sun daɗe da komawa yi wa kamfani ado, sun bar yi wa mai aiki magana. Lokacin da Susan Kare ta zana alamomin kwamfutar Macintosh ta 1984, fili ne mai ɗigo 32 a tsaye da 32 a kwance kawai take da shi, kuma baƙi da fari ne. Ƙuncin nan ya tilasta mata dogaro da siffa: kwandon shara ya yi kama da kwandon shara, agogo ya yi kama da agogo. Daga Windows 8 a 2012 da iOS 7 a 2013 aka shiga yayin shafe inuwa da tudu, komai ya zama shimfiɗaɗɗe. A 2020 Apple ya cusa alamomin kwamfutocinsa cikin murabba'i guda mai lanƙwasassun kusurwoyi, kamar an zuba su a kwano ɗaya. A watan Oktoban shekarar kuma Google ya sake wa Gmail da Calendar da Meet da Drive riga, duka da launuka huɗu: shuɗi, ja, rawaya da kore. Ambulan ɗin Gmail da kowa ya sani ta ɓace.

Na san hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Idan kayan gida ɗaya suka yi kama da juna, mai saye zai gane na asali daga jabu. Mu ma mun san wannan. Zanen Arawa, layukan nan biyu da suka tashi daga gefen baki zuwa kunne, yana gaya maka daga nesa inda mutum ya fito. Amma zanen ba ya gaya maka sunansa, kuma wanda ya zo biko ko karɓar bashi mutum ɗaya yake nema a cikin gidan. Launuka huɗun nan sun ce maka "na Google ne", sannan suka bar ka da laluben wanne ne wanne a cikin jerin zanuka ƙanana kamar tururuwa. Drive ya ɗan tsira saboda dala mai kusurwa uku da yake ɗauke da ita tun 2012, Dropbox ma saboda buɗaɗɗen kwalinsa. Ko an cire musu launi za ka gane su. Sauran kuwa, OneDrive gajimare, iCloud gajimare, manhajar hasashen yanayi ma gajimare.

Wannan duk maganar tambarin kamfani ce, kuma ita ce ƙaramar damuwata. Babbar ita ce alamar da ke faɗin halin da takarda take ciki. Tun 2017 Windows 10 ya zo da tsarin da OneDrive ke nuna sunan fayil ba tare da fayil ɗin yana cikin na'ura ba, don kada ya cinye wuri. Dabara ce mai kyau ga wanda intanet ba ya yanke masa. Alamomin guda uku ne. Gajimare mai shuɗin baki: yana can, ba ya nan. Farar da'ira mai koren maki: ya sauko, amma na'ura tana iya mai da shi can idan wuri ya ƙure. Cikakkiyar koriyar da'ira mai farin maki: yana nan daram. Dubi na biyu da na uku. Da'ira da da'ira, maki da maki, kore da kore. Tsakanin aro da mallaka, abin da ya raba su shi ne ko an cika da'irar da launi ko ba a cika ba, a fili mai faɗin ɗigo 16. A kusurwar allo ma, asusun kanka farin gajimare ne, na wurin aiki ko makaranta shuɗi ne, siffa iri ɗaya.

Wanda ya zana wannan yana zaune gaban sabon allo a ɗaki mai labule. Kwamfutocinmu na hannu ne, launinsu ya kwanta, hunturu ya shafa musu ƙura, hasken rana yana shigowa ta ƙofar shago ya wanke rabin allon. Akwai kuma maza da dama da idonsu ba ya rarrabe ja da kore, alhali jar da'ira ke nufin aiki ya lalace, kore ke nufin ya kammala. Bayanin da ke fitowa idan ka ɗora kibiya a kai kuwa da Faransanci yake ko Ingilishi, don haka a nan nauyin da ke kan zane ya ninka na Paris.

Wani abu da ya ba ni dariya da na gano shi: Windows yana da gurabe 15 kacal na irin alamomin da ake liƙa wa fayil a jiki, kuma bisa jerin haruffan suna yake rabawa. Sai kamfanonin suka shiga sa fili babu komai a gaban sunayensu don su tsallake layi, wannan ya sa fili ɗaya, wancan ya sa uku. Kamar rigimar jarkoki a bakin famfo. Wanda aka tura baya, alamominsa ba za su fito ba sam, mai kwamfuta kuma bai san an yi ba.

Me ya sa na ɗauki wannan da zafi? Saboda a nan yankewar wuta da rezo ba baƙon abu ba ne. A da, lantarkin yammacin Nijar yawancinsa daga Najeriya yake zuwa ta layin Birnin Kebbi, kuma kowa ya tuna yadda aka kasance bayan an datse shi a Agustan 2023. Yawancinmu da wayar hannu muke ba kwamfuta intanet, da megan da muka saya da kuɗin cefane. Manhajar ajiya tana iya fara kwasar hotunan biki tana turawa sama shiru, alamar da za ta nuna maka haka kuwa, ƴan kibiyoyi biyu masu zagaye, Windows ya ɓoye ta a bayan wata ƙaramar kibiya a ƙasan allo. Sai saƙon "megas ɗinka sun ƙare" ya sanar da kai.

Ba na neman su zana mana rumbu ko tukunya, ko da yake rumbu cike da rumbu wayam sun fi gajimare faɗin gaskiyar lamarin. Abin da nake nema shi ne kowane hali ya sami siffarsa, wadda za a gane ko an buga ta da baƙar tawada: abin da ke nan ya zama cikakke mai nauyi, abin da ke nesa ya zama siffa dabam gaba ɗaya, kuskure ya zama mai kusurwa ba da'ira ba. Kafin a saki zane, a gwada shi a tsohon allo, da rana tsaka, a gaban wanda ba ya jin Turanci. Masu alamomin hanya sun gane wannan tuntuni, shi ya sa alamar tsayawa take da kusurwa takwas ita kaɗai, direban da ke bin hanyar Dogon Dutsi zuwa Doso zai gane ta ko ta bayanta ya gani.

Malamin dai ya koma ƙauye ba takarda, ya sake dawowa bayan kwana biyu. Ni kuma na yagi takarda na zana wa yaron alamomin da biro, manya-manya, na rubuta a ƙarƙashinsu: "ba ya nan", "baƙo ne", "ɗan gida". Ya manna ta da salatif a gefen allon. Da na leƙa makon jiya, na tarar ya ƙara ta huɗu da hannunsa, kibiyoyin nan biyu, ya rubuta: "yana cin kuɗi".