Adam Henein da Duwatsun Masar

Masu cewa Adam Henein kwaikwayon gumakan zamanin Fir'auna kawai ya yi, ba su duba aikinsa da idon basira ba. Wannan masassaƙi ɗan Alƙahira, da ya rayu daga 1929 zuwa 2020, bai damu da fuskokin sarakuna ba. Ƙa'idar magabata ya gada: dutse ya zauna daram, layi ya miƙe, a sare duk abin da ba dole ba. Tsuntsunsa ko jakinsa 'yan lanƙwasa ne kawai, amma nan take za ka gane su, kuma mai kwafe ba ya iya wannan. Shi ya sa aka damƙa masa gyaran gunkin Abul-Haul na Giza, kafin ya kafa taron masassaƙa na Aswan a 1996.